Filin da Oom Stoffel Ya Share wa Kansa a Steenrug

Jiya Laraba lauyan gonar Steenrug ya sanar da iyalan Stoffel Kiewiets cewa ba a yarda a binne shi a maƙabartar ma'aikata da ke kan tudun gonar ba. Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, kamar yadda kowa yake kiransa a Kwarin Doringvlei, ya rasu ranar Litinin, 14 ga Yuli, a asibitin gari, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi. Shekarunsa saba'in da takwas. Ya bar 'ya ɗaya, Trien, da jikoki huɗu. Gawarsa tana ɗakin ajiya na asibitin. Matarsa, Anti Mieta, tana kwance a kan wancan tudun shekara shida ke nan, kuma a gefenta akwai fili daidai tsawon mutum ɗaya, wanda shi da kansa ya yi ta sharewa tun ranar da aka rufe ta.

Labarin ke nan. Sauran maganar da kai zan yi ta, Oom, domin ka saba saurarona tun ban iya haɗa kalma biyu ba.

Ka tafi a tsakiyar sanyi, lokacin askin inabi, wato datse rassansa, ƙanƙara ta yi fari a kan duwatsu, ruwa yana sauka ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya bi hanyar kwarin a makon nan zai ga mutane cikin rigunan ruwa, sun sunkuya da almakashi a tsakanin layuka. Ba na jin akwai ɗaya a cikinsu da bai koyi riƙon almakashi daga hannunka ba, ko daga hannun wanda ka koya wa. A Steenrug aka haife ka, a ɗaki na uku na layin ma'aikata. Mahaifinka da kakanka suna kan tudun nan. Ka fara aiki kana da shekara goma sha biyu, ba ka ajiye ba sai da gwiwoyinka suka ƙi ɗaukarka.

Mu da muka tashi a layin ba ma manta ƙarar gwangwanaye a bakin ɗakin matse inabi. A wancan zamanin giya tana cikin ladan ma'aikaci. Safe, rana da yamma maza sukan yi layi a zuba musu, kuma mun ga abin da hakan ya yi wa iyayenmu. Kai ma kana shiga layin, ka miƙa gwangwaninka a cika, sai ka taka zuwa itacen inabi na farko ka tuttular a gindinsa. Wata rana tsoho Vermaak, mai gonar na lokacin, ya gaji da kallonka.

"Kai Stoffel, in ba ka sha, ka bar wa wani mana!"

"Maigida, ai ladana ne. Daga jikinsa ta fito, na mayar masa."

"To, za ka bugar mini da itace."

"Gara shi, maigida. Ba shi da matar da zai koma gida ya doka."

Mazan da ke layin suka yi dariya, wasunsu kuma suka sunkuyar da kai. Mahaifina yana cikin masu sunkuyarwar. Ba ka taɓa yi masa wa'azi ba, duk da kana dattijon coci. Abin da na sani shi ne duk ranar Asabar ɗin da ya faɗi a hanya, kai kake saɓo shi a kafaɗa ka kawo shi har gado, ka cire masa takalmi, ka ce wa mahaifiyata, "Sanna, gajiya ce." Ka san ta san ba gajiya ba ce. Don mu yara kake faɗin haka.

Da ya rasu, ƙa'idar gona ta hau kanmu. Ɗaki na namijin da ke aiki ne, matar da mijinta ya mutu kuwa ana ba ta zuwa ƙarshen girbi ta nemi wurin zuwa. A wannan sanyin ka kama hannun mahaifiyata ka shigar da ita rumfar auren itace, inda mace ba ta taɓa zama ba. Ka nuna mata yadda ake tsaga reshen inabi mai kyawun 'ya'ya, a tsaga gindi mai jure cutar ƙasa, a haɗa bakinsu har su zauna daram, a ɗaure, a tsoma cikin kaki, a kwantar a cikin dusar katako su warke su zama itace ɗaya. Maza suka sa ka a gaba, wai Stoffel ya buɗe makarantar zawarawa. Ka ce musu hannun da yake zare ƙayar kifi ya ba jariri tsokar zai iya wannan, nasu hannun kuwa tun da safe rawa yake yi. Da bazara ta zo, itatuwan mahaifiyata suka kama, tsoho Vermaak ya ga ba shi da wata riba a korar mai irin wannan hannu. Muka zauna. Bayanta ka shigar da wasu matan, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda mutuwa ko gudun miji ya bari da yara. A cikin ɗakin nan da ka riƙe mana na yi karatun da ya kai ni inda nake. Ban taɓa jin ka ambaci wannan ba, ko sau ɗaya.

Dole in zo kan Arno, ɗan tsoho Vermaak, wanda gonar take hannunsa yau. A ƙofar Anti Mieta ya girma. Ya fi son burodinta na garwashi da busasshen kifi a kan abincin babban gida, har uwarsa takan aiko a kamo shi. Kai ka wasa masa wuƙarsa ta farko. Ba ka taɓa kiransa maigida ba, shi ma bai taɓa nema ba. Da ya dawo daga kwalejin noma ya tarar da uba ya rasu, rabin itatuwa sun kamu da cuta, ku biyu kuka bi gonar layi layi kuna sake musu aure. Mutanen kwarin sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa abin da ya faru a makon nan ya fi ƙarfin bakin mutane da yawa.

A da, inabinmu a tirela ake kwasarsa zuwa babbar masana'antar matse inabi ta haɗin gwiwa, a juye shi cikin na kowa, ya fita da sunan babban yanki wanda ba ya nuna daga wane kwari ya zo. Arno ne ya tara masu gonakin kwarin suka kafa ƙungiya, suka nemi hukuma ta amince da Doringvlei a matsayin yanki mai zaman kansa, wanda za a iya rubuta sunansa a jikin kwalba a buga masa hatimi. An ɗauki shekaru. Masana sun zo sun haƙa ramuka sun duba ƙasa, sun auna ruwan sama da iskar da ke saukowa daga dutse, suka ja iyaka daga bakin rafi zuwa ƙoƙuwar tudu. Wannan ya ishi hukuma. Amma mai sayen kwalba a birni ba ƙasa yake saye ba, labari yake so. Sai ƙungiya ta waiwaya ta gan ka.

Fuskarka ce a allon da ke mashigar kwarin. Hannunka ne, riƙe da wuƙa, a bangon ɗakin da baƙi suke ɗanɗana giya. Duk baƙon da ya zo, Arno yakan ɗora shi a mota ya kai shi kan tudu, ya tsaya a bakin maƙabarta ya cire hula, ya nuna gicciyen katako da tulin duwatsu ya ce, "Waɗannan su ne saiwar kwarin nan." Na ji shi da kunnena fiye da sau ɗaya, kuma ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Giyar da ake yi daga tsofaffin itatuwan da ke ƙarƙashin maƙabartar, sunanka aka sa mata. Da aka kawo maka kwalbar farko ka juya ta ka sake juyawa, ka ce, "Shekara hamsin ina gudun kwalba, ga shi sun saka ni a ciki." Ba ka buɗe ta ba. Anti Mieta ta ɗora ta a kan kabad tana tokare littafin waƙoƙin coci da ita.

Ranar da amincewar hukuma ta fito, shekara tara da suka wuce, an yi biki a farfajiyar Steenrug. An gasa raguna, aka kira masu kiɗa, masu gona da ma'aikata suka ci a tebur ɗaya, abin da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Arno ya karɓi lasifika ya kira ka gaba, ya dafa kafaɗarka. Ya ce a wannan ƙasa aka haifi Oom Stoffel, a cikinta kuma zai kwanta, shi da Anti Mieta, gefe da gefe, a kan tudun iyayensa, muddin akwai Vermaak a Steenrug. Aka yi ta tafi. Anti Mieta ce kaɗai ba ta tafa ba, tana riƙe da faranti. Ta ɗaga murya daga inda take zaune.

"Arno, ɗana, a rubuta mana shi mana."

"Haba Anti! Yaushe maganar Vermaak ta fara neman takarda?"

"Tun ranar da ka ce mini ba kai ka cinye mini kwalbar jam ba."

Farfajiya ta kaure da dariya, har shi Arno. Kai ma ka yi dariya, ka ce mata, "Ke dai Mieta, ki bar yaro ya yi bikinsa." Ba a rubuta ba. Mutum ɗari da wani abu sun ji, kuma yawancinsu suna raye.

Da Anti Mieta ta rasu, Arno yana cikin masu ɗaukar akwatinta. Kai ka zaɓi wurin, can gefen da ke kallon kwari, ka sa aka matsa da ramin ɓangaren hagu don a bar maka dama. Bayan 'yan makonni na hau tudun na kai mata fure, sai na hango ka a miƙe a ƙasa kusa da ita, hannu a ƙirji, hula a fuska. Na yar da furen na ruga. Ka ɗaga hular ka dube ni.

"Delia, mene ne na ihu? Gwadawa nake yi."

"Oom, ka tsorata ni!"

"Ya yi mini daidai, sai dai ƙafa ta ɗan taɓa dutsen can. Zo ki kama mini mu gusar da shi."

Muka gusar da shi. Tun daga nan, kowace Lahadi bayan coci kakan hau da fartanya ka cire ciyawar kabarinta, ka cire ta filinka. In an tambaye ka sai ka ce ɗakinka kake sharewa, kada ka tare Mieta ta ce ka shigo mata da datti.

Shekara huɗu da suka wuce aka ce za a karrama ka. Gona ta saya maka gida a sabuwar unguwa a gari, mai ɗaki biyu da famfo a ciki da wutar lantarki. A tarihin kwarin ba a taɓa yi wa ma'aikaci haka ba. Wanda ya tashi a ɗakin da ba nasa ba, wanda ya ga ana fitar da kayan maƙwabta a ɗora a tirela don maigida ya yi fushi, shi ya san abin da makullin gidan kai yake nufi. Trien ta yi kuka don murna. Coci ta yi addu'ar godiya. An sake gasa rago, an ɗauki hoto kana karɓar makulli. Kai kaɗai ne jikinka ya yi sanyi. Ka ce me za ka yi a gari, inda mutum ba ya jin ƙarar almakashi. Arno ya ce gwiwoyinka, Oom, ga asibiti kusa, ga jikoki. Kafin ka shiga mota ka ja shi gefe, Trien tana tsaye, ka yi masa tambaya ɗaya.

"Wurina yana nan?"

"Yana nan, Oom. Ina za shi?"

Ɗakinka na layi an yi masa fenti, an sa masa baho, yanzu baƙi ne suke kwana a ciki. Daga baya aka sa wa hanyar tudun ƙofar ƙarfe. In za ka je wurin Anti Mieta sai Trien ta buga waya ofishin gona tun ana sauran kwana biyu, a ba ka awa ɗaya. Ba ka yi ƙorafi ba. Ka ce gona ta girma, dole a yi tsari. Ka ci gaba da zuwa da fartanyarka a cikin buhu, a motar haya, har watan jiya.

Shekaranjiya Talata Trien ta je Steenrug da mutum biyu daga coci, ɗauke da shebur da diga. Suka tarar da ƙofar a kulle, Kerneels shugaban ma'aikata yana tsaye a bayanta cikin ruwan sama. Kerneels ɗin da ka riƙe a hannunka ranar baftismarsa.

"Kerneels, buɗe mana. Mun zo haƙa wa Baba."

"Trien, an ce in jira umarni."

"Umarnin wa? Baba ne fa!"

"Don Allah kada ki sa ni a tsakiya. Ina da yara a layin nan."

"Na sani. Ubana ne ya gyara rufin da suke kwana a ƙarƙashinsa."

Ta ce bai iya kallon fuskarta ba. Ta nemi ganin Arno, aka ce ya tafi birni. Motarsa tana farfajiya.

Abin da lauyan ya gaya musu jiya gajere ne. Ya ce haƙƙin binnewa a gona na wanda yake zaune a cikinta ne har ya rasu, kai kuwa ka bar Steenrug da kanka shekara huɗu da suka wuce, kana da gidanka a gari. Ko doka ta ba shi gaskiya ko ba ta ba shi ba, alƙali ne zai faɗa, ba ni ba. Abin da zan iya faɗa shi ne gidan nan da muka yi wa guɗa, shi ne aka ɗauko yau aka tare maka hanya da shi.

Ban so in rubuta sunan mutum ban ji ta bakinsa ba, don haka na buga wa Arno waya jiya da yamma. Ya ɗauka, wannan kam na yaba masa. Ya ce ya yi kuka da ya ji rasuwarka. Ya ce gonar ba tasa ba ce shi kaɗai yanzu, akwai abokan hulɗa daga waje da suka zuba jari tun da sunan kwarin ya fito. An riga an zana babban zauren biki a kan tudun, domin babu inda ake ganin kwarin gaba ɗaya kamar nan. Tsofaffin kaburbura ba za a taɓa su ba, za a kewaye su da katanga mai kyau, a kafa allon tagulla, sunanka a sama. Amma sabon kabari a'a, domin in aka buɗe wa ɗaya, iyalan duk wanda ya taɓa aiki a gonar za su zo. Ya ce ya yi tayin saya maka wuri mafi kyau a maƙabartar gari da dutsen marmara.

Na tambaye shi ko ranar da ya miƙa maka makulli ya san haka za ta kasance.

"Delia, lauya ne ya kawo shawarar gidan. Amma da zuciya ɗaya na ba shi."

"Da ya tambaye ka ko wurinsa yana nan fa?"

"Tsoho ne, yana shirin shiga mota. Me kike so in ce masa?"

Na rubuta shi yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Da na kai wa Trien maganar marmara, tana tankaɗen garin burodin masu zaman makoki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Uwata a ƙarƙashin gicciyen katako take, ban ji ta yi ƙorafi ba. Ya riƙe dutsensa ya yi teburin biki da shi."

Ƙungiyar masu gonakin kwarin ta aiko da fure mai girman ƙofa. Ta kuma fitar da sanarwa mai ɗauke da hotonka, ta kira ka uban Doringvlei. Na tambayi shugabanta ko za su sa baki, ya ce wannan maganar cikin gidan Steenrug ce. A ranar bikin nan yana tebur na gaba, yana cikin waɗanda suka miƙe tsaye don tafi. Kwalbar da ke ɗauke da sunanka tana nan a kan kantar ɗakin ɗanɗana giya, an ɗaura mata baƙin ƙyalle, an kunna kyandir a gefenta, kuma ana sayarwa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta, sannan aka rataye hoton gangar a bango.

Na karanta tarihin yankunan inabi da dama, na nan da na ƙetare. Duk inda aka ja iyaka aka ce abin da ke cikinta daban yake da na waje, hujjar ɗaya ce: wuri yana shiga jikin abin da ya tsiro a cikinsa, ba a iya ɗauke shi a kai wani wuri ya zama shi. A kan wannan hujja aka ba Doringvlei suna. Ba a yarda a kawo inabi daga bayan tudu a kira shi namu. Mutanen da suka yi shekaru suna gaya wa duniya haka, su ne yau suke cewa mutumin da ya yi shekara saba'in da huɗu a wannan ƙasa ana iya kai shi ko'ina a rufe, duk ɗaya ne.

Ban san abin da za ka ce ba da kana nan. Ina jin za ka nema wa Arno uzuri, kamar yadda ka yi ta nema wa mahaifina. Za ka ce yaro ne, an matsa masa. Ni ban kai ka ba, Oom. Na ji alkawarin, na ga hannunsa a kafaɗarka, kuma ban sami wani suna da zan kira abin da aka yi maka ba sai cin amana.

Ba na so wannan ya rufe sauran abin da ka bari. Ka bar mata da yawa a cikin ɗakunansu. Ka bar yara da ba su ga ubansu a kwance a hanya ba saboda ka riga su isa. Ka yi wa mutane aski ranar Asabar a ƙofar ɗakinka ba ka karɓi komai ba, askin ma duk iri ɗaya, har ana gane yaran Steenrug a makaranta da ƙeyarsu. Kana rera waƙa a coci da murya mai ƙarfi wadda ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba, fasto bayan fasto suka haƙura suka bar ka. In mutum ya rasu a layi, kai kake fara isa da shebur, kai kake ƙarshen barin wurin. Kaburburan da ka haƙa wa mutane a kan tudun nan ba su ƙirguwa.

Allah Ya jiƙanka, Oom Stoffel. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓe ka cikin salamarsa, Ya hutar da gwiwoyin nan da suka gaji. Ya saka maka da alherin da mutane suka kasa saka maka. Ya sada ka da Anti Mieta a inda babu ƙofar ƙarfe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Trien da mijinta da 'ya'yansu, waɗanda ba a bar su sun zauna sun yi kukansu ba, suna ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin lauya. Allah Ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Ina yi wa mahaifiyata Sanna ta'aziyya, ita da sauran matan rumfar aure da suka rage. Ina yi wa jama'ar cocinmu, da mutanen layin Steenrug, har da Kerneels, domin na san shi ma uba ya rasa. Arno kuma, Allah Ya tuna masa abin da bakinsa ya faɗa tun da sauran lokaci.

Wata lauya mai taimakon ma'aikatan gona ta shigar wa iyalan da ƙarar gaggawa, an ce za a saurara gobe Juma'a da safe. An sa jana'iza ranar Asabar a cocin gari. Inda motar gawa za ta nufa bayan an fito, ba a sani ba tukuna.

Yau da hantsi wata mata daga layin ta bugo wa Trien waya. Ta ce masu askin inabin da aka tura tsofaffin itatuwan ƙarƙashin tudu sun ajiye almakashi lokacin shan kofi, sun hau sama da shebur, kuma yanzu akwai rami a hannun daman Anti Mieta, an rufe shi da kwanon rufi saboda ruwa. Ba ta faɗi sunan kowa ba. Na buga ofishin gonar, ba a ɗauka ba. Ƙofar tudun tana kulle, kuma har zuwa lokacin da na ajiye alƙalami babu wanda ya iya shiga ya gani.